Hular Tagulla a Kan Motar Albasa

Kakana Maccido bai taɓa tuƙa mota ba, bai ma cika son shigarta ba. Maƙerin fari ne a Wurno, wato irin maƙeran da ba ruwansu da garma ko lauje, aikinsu tagulla da azurfa: mundaye, zobba, 'yan ƙararrawa. Yakan gina siffar abu da kakin zuma, ya lulluɓe ta da yumɓu haɗe da kashin jaki, ya gasa har kakin ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Gajere ne, marar yawan magana, kuma abin alfaharinsa guda ne: in ya auna yatsa, zoben nan zai zauna cif. Ni ban riske shi ba. Kakata Inno ce ta ba ni labarinsa, kuma duk inda ta faro, a kan motar albasa take ƙarewa.

Shekara biyu ne kafin Turawa su tafi, a ƙarshen bazara. Mode, wan Maccido, ya loda albasar da ya noma a fadama, amfanin shekararsa kaf, a babbar motar wani direba mai suna Atiku, wadda ta taso daga Goronyo za ta Gusau wajen jirgin ƙasa. A lokacin hanyar ta ƙasa ce. Da ruwan farko ya sauka sai a rufe shinge, babbar mota ba ta wucewa sai ƙasa ta tsane, albasar buhu kuwa ba ta jure danshi. Ba a kai ga barin kasuwar Wurno ba sai tururi ya turnuƙe gaban motar.

A bisa injin akwai wani faffaɗan ƙarfe da direbobi ke kira manifol, shi ke raba iska da mai ga cikin inji, kuma ta gabansa ruwan zafi ke fita zuwa lagireto ya huce. A bakin mafitar akwai 'yar hular ƙarfe mai wuya, inda ake ɗaura tiyo. Ita ce ta tsage. Atiku ya aika Sakkwato, bayan kwana biyu aka kawo masa ta wata mota daban: ramukan notinta ba su hau ba, wuyanta kuma na kallon hagu alhali tiyon yana dama. Sai Mode ya jawo ƙanensa.

Maccido ya leƙa, ya zaro wani ɗan abu mai kama da ƙaramin gwangwani mai ninki-ninki da murfi a kai.

"Wanga hwa, mi shika yi?"

"Tamostat sunanai, Baba Maccido," in ji Atiku. "Ƙohwar ruwa ta, haka munka ji ga manya. Na taɓa hidda shi, sai ruwa yab bi ta gajerar hanya shina zagaye cikin inji, bai isa lagireto ba. Motag ga ba ta yarda a raba ta da shi."

Maccido ya danna kaki a fuskar manifol ya ɗauki hoton ramukan, ya gina hula a kan tamostat ɗin kansa, yadda yake gina zobe a kan yatsa. Washegari ya zuba tagulla, ya goge gindin hular a kan dutsen niƙan Inno da yashi har ya yi sumul, ya yanka jar fatar akuya ya shafe ta da mai ya sa a tsakani. Ramuka suka hau, wuya ya kalli dama, ko ɗigo bai fita ba. Mutanen kasuwa suka yi ta kabbara.

Motar ba ta wuce gonakin bayan gari ba ta tafasa. Da ta huce, Atiku ya lallaɓo da ita baya, yana huci fiye da injin.

"Maƙerin 'yan mata! Munduwa kay yi muna bisa inji!"

Mode kuwa sai ya nuna wa ƙanensa gabas da haɓa. Hadari ya fara haɗuwa can ƙasa-ƙasa, iska kuma ta sauya wari.

Maccido ya kwance hular ya koma gida, ya jujjuya ta bai ga aibinta ba. Ya miƙa wa Inno tamostat ɗin, duk ya yi dumu-dumu da kaki da baƙin mai, ya ce ta wanke. Ita kuwa da yake kaki ba ya fita sai da zafi, sai ta jefa shi a tukunyar ruwan da ke kan murhu. Ta ce da ni tana tsugune tana iza wuta sai ta ga murfin abin yana ɗagawa sannu a hankali, ba wanda ya taɓa shi.

"Malam! Zaka ka gani! Abin ga na da rai!"

Ya zo ya tsuguna. Ya tsamo shi da awartaki ya tsoma a ruwan randa, murfin ya koma ya rufe ruf. Ya mayar a tukunya, ya sake ɗagawa. Sau uku yana yi.

"Subhanallahi," ya ce. "Ba ido, ba hannu, amma ya san zahi, ya san sanyi. Inno, shina kwana na auna shi. Na rufe mai kai, bai samu wurin miƙewa ba."

Ya karya tsinken tsintsiya ya auna iyakar tashin murfin a cikin tafasasshen ruwa, tururi na dukan fuskarsa. Ya sake gina hula mai zurfi, ya ƙara mata ɗan sarari a kan abin da tsinken ya nuna. Ba lokacin jiran rana, don haka a gefen wuta ya busar da yumɓun, yana juya shi kamar mai gasa masara don kada ya tsage. Da ya narka hular farkon sai ya ga tagullar ba za ta cika sabon gurbin ba. Inno ta zare ɗaya daga mundaye biyun da shi da kansa ya ƙera mata ta jefa a cikin kaskon narkarwa.

Washegari da hantsi aka ɗaura sabuwar hular. Atiku ya ta da inji, Maccido ya ɗora tafin hannunsa a kan tiyon da ke zuwa lagireto, ya rufe ido. Tiyo sanyi ƙalau. Injin na ta ɗumi, tiyo na nan da sanyinsa, Atiku har ya kai hannu zai kashe.

"Bari," in ji Maccido.

Sai ga zafi ya taho ƙarƙashin tafinsa a lokaci guda, har ya janye hannu.

"Ya buɗe. Yaya, hau ku tahi."

Ruwan farko ya sauka a Wurno da la'asar sakaliya, mai ƙarfi, har ya kayar da dangar maƙera. Kwana biyar ba labari. Ran na shida Mode ya dawo, ya ce mai gadin shinge na ƙarshe yana jan sandarsa ne suka wuce, yayyafi na dukan tamfol, kuma albasa ta shiga jirgi a bushe.

Direbobi sun yi ta zuwa wurin Maccido bayan haka, wasu ya taimaka musu, amma bai bar zobbansa ba har ya rasu. Abin da ya sauya shi ne awonsa. Ya daina auna hannun mace da sassafe, sai ya ce ta je ta yi daka ta dawo hannu ya yi ɗumi. Motar Atiku ta shekara bakwai tana bin hanyar da hular nan. Maccido ya sha cewa zai ƙera wa Inno 'yar'uwar munduwarta, ita kuwa ta ƙi, wai tata tana nan, ta tafi Gusau ne. Ɗayar tana cikin kwallata yanzu, a naɗe a ƙyalle.