Igiyar da Na Kai Bakin Tashar Jirgi

Ana sallame sallar asuba muka fito, ni da yayar maigidana, 'yata tana goye a bayana tana barci. Ko kunu ba mu tsaya sha ba. A cikin jakata akwai zanen goyo na canji, da gorar ruwa, da wata igiya mai ƙulli biyu. Ku riƙe zancen igiyar nan, 'yan uwa mata, domin ita ce ta yi tafiyar, ni rakiya na yi mata.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni. Maigidana tela ne a Kano, mu kuma muna wani ƙauye a ƙasar Roni, cikin gidan iyayensa. Sai ya yi sati biyu, wani lokaci uku, kafin ya leƙo mu. Zuwansa na ƙarshe ya miƙa hannu zai ɗauki 'yarsa, ta tsandara ihu ta maƙale a wuyana kamar ta ga mai allura. Ya yi dariya, amma na ga idonsa. Kwana biyu ya yi, sai da zai tafi sannan ta yarda ya taɓa ta. Bayan ya koma ya bugo waya ya ce ya samo mana ɗaki a Kazaure, a wani bene da aka gina kusa da inda ake aikin tashar jirgin ƙasa. Ya ce in jirgi ya fara, zai riƙa tafiya da safe ya dawo da yamma. Ya ce in je in gani da idona, in na ce to, to. In na ce a'a, shi ke nan. Mai benen ya ba shi wa'adi zuwa Juma'a.

Ni ban taɓa hawa bene ba. Ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a waya. Kuma abin da ya fara zuwa raina ba jirgin ba ne, kayan ɗakina ne. Duk macen da aka yi wa jere ta san abin da nake nufi. Gadona da kwabar kwanukana, marigayiya innata ce ta haɗa min su da kuɗin ƙuli-ƙuli na shekaru. Ba inda zan je in bar su. Shi ya sa na tsinko igiyar shanya na auna gado na ƙulla, na auna faɗin kwaba na ƙulla.

Daga ƙauyenmu zuwa titi babur muka hau, mu biyu a baya. Kaka ce, gonaki duk an jingine dammunan gero, mata suna tsintar gyaɗa, ga riɗi an tsayar da shi yana shan iska. Hanyar kuwa damina ta cinye ta. Duk ramin da muka faɗa sai in kai hannu baya in dafe kan yarinya, har Yaya ta ce, "Ke, in kika ci gaba da dafe ta haka, kanta zai zama faifai kafin mu kai." A bakin titi muka zauna jiran mota ta cika. Wannan zaman shi ya fi komai ɗaukar lokaci. Direba ya ce saura mutum biyu, rana ta fito, har yanzu saura mutum biyu. Muka sayi ƙosai, na ga girmansa na tuna da na bara. Kuɗin mota ma ya kusa ninka abin da na sani. A nan na fara gane dalilin da mutumin nan ba ya iya zuwa kullum. Ba Kano zuwa Kazaure ba ce matsalar, wannan guntuwar tamu ce mai cin rabin yini.

Da hantsi muka shiga Kazaure. Na sha zuwa awo lokacin da nake da ciki, amma kaina a sunkuye nake zuwa. Wannan karon na ɗaga kai. Duwatsun nan da suka kewaye garin, wasu a ɗore kan wasu kamar an jera tukwane, sai nake ta tunanin wanda ke kwana a ƙarƙashinsu yana da ƙarfin hali. Muka hau adaidaita, Yaya ta ce masa wajen aikin jirgi. Bai ko tambaya ba.

Tun daga nesa za ka san wani abu na zuwa. An cike ƙasa ta yi tudu, ta miƙe sambal har inda ido ya tsaya. Gefe kuma ko'ina bulo ne da yashi. Filayen da aka ce da gonaki ne, yanzu wannan ya kai linta, wancan ana zuba masa rufin kankare, wani an kafa dutse kawai an rubuta lamba. Masu shayi da masu awara har sun kama wuri.

Gidan da muka zo gani hawa biyu ne, ɗakuna a jere sama da ƙasa, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, bishiyar darbejiya ɗaya. Wata mata 'yar Babura, mijinta malamin makaranta ne, ita ke riƙe da makulli. Ta yi gaba, Yaya ta bi ta. Ni kuwa na tsaya a gindin matakala ina karanta duk addu'ar da na iya. Na hau ina bin bango, da na kai sama ban yarda na kalli ƙasa ba.

Ɗaki ne da ɗan falo da banɗaki. Ƙarami ne, ba zan ɓoye muku ba, ɗakina na ƙauye ya fi shi. Amma akwai taga biyu, iska na shiga ta fita. Na zaro igiyata na durƙusa. Gado ya shiga, har da ragowar taƙi ɗaya. Kwaba ta sami bango. Na miƙe ina murna, sai na ga matar nan ta riƙe ciki tana dariya.

"Ƙanwata, daga ƙauye kike, ko?"

Na ce, "Eh. Wani abu na yi?"

"Duk haka muka yi. A bene ba ɗaki ake aunawa ba, matakala ake aunawa. Ta ina kwabar za ta hau? Fiffike gare ta?"

Muka sauko zuwa inda matakalar ta karya kwana. Na shimfiɗa igiya. Ƙullin kwaba ya wuce bango da yatsu huɗu. Na sake aunawa, na ja igiyar har tana neman tsinkewa, yatsu huɗun nan suna nan. Wallahi sai na ji hawaye. Na zauna a kan matakala na ce wa Yaya mu tafi gida, an gama. Yaya ta ce, "Yanzu saboda katako za ki bar ƙanena yana kwana kan teburin yanka?" Na ce ba katako ba ne, innata ce. Ta zauna kusa da ni, domin ta san marigayiyar.

Matar Babura ta kama hannuna ta mayar da ni sama, ta tura ƙofar ɗakinta. Ga kwaba tsaye, ta fi tawa girma, cike da kwanuka suna ƙyalli. Ta ce ta baranda aka jawo ta, da igiyar guga, maza biyu a sama biyu a ƙasa, ita kuma ta rufe ido a banɗaki har aka gama. Ta nuna min inda igiyar ta goge fenti. Ko gilashi ɗaya bai fashe ba.

Daga nan sai bakina ya buɗe. Na tambaye ta batun turmi. Ta ce daka a sama haramun ne, wata ta gwada, siminti ya zubo wa na ƙasa cikin miya, aka yi sati ba a gaisawa. Ta leƙa da ni: turame bakwai a kife a gindin darbejiya, kowanne da alamar mai shi. Na tambaye ta batun akuyata, ta ce akuya dai sai haƙuri. Sannan na dubi ƙarafan baranda, na tuna da 'yata. Na sauke 'yata, na zagaya kanta da igiya, na kuma gwada kan da kansa a tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Bai shiga ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen baranda. Yaya ta ce da ma a ba ni aikin duba gine-gine na jiha.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne babba. Jirgin. Muka taka zuwa bakin aikin, tafiyar da ba ta kai daga gidanmu zuwa rijiya ba. Ba a barin mutane su matsa sosai, amma na hango ƙarfen dogo biyu kwance kan tsakuwa, rana tana dukansu. Wani dattijo mai sayar da goro a inuwa ya ga na daɗe ina kallo, ya ce, "'Yata, in jirgi kike jira, kin yi sammako da yawa."

Na gaishe shi, na ce, "Baba, tsorona ke nan. In na bar dangi na dawo nan, jirgin ya ƙi zuwa fa? Ko ya zo ya riƙa makara?"

Ya ce shi ya hau jirgin da, yana saurayi, ta wajen Ringim. Ya ce akwai lokacin da mata ke ɗora tukunya da kukansa, don ba ya saɓa lokaci. Akwai kuma lokacin da ya lalace, mutum ya zo da tabarma ya yini a tasha. "Ba zan yi miki rantsuwa a kan abin da ba ni ke tuƙawa ba," in ji shi. "Amma na ga abu ɗaya. Tashar da ke cikin daji, in jirgi ya makara babu mai jin haushi sai mutum uku. Wadda mutane suka kewaye, ranar da ya makara gari guda ne zai tashi da surutu. Ku dai ku cika wurin."

Na daɗe ina juya maganar nan muna cin ɗanwake a wata rumfa. Yaya kuma ta ƙara min da nata lissafin: ko jirgi bai fara bana ba, daga gidan nan zuwa titin Kano tafiyar ƙafa ce, motoci ba sa yankewa. Ba sauran jiran mutum biyu. Ko sau uku a sati ya kwana gida, yarinya za ta san ƙamshinsa.

Mun juyo bayan azahar. Motar komawa ta fi ta zuwa cika, wani ya ɗora min buhun barkono a gwiwa, muka yi ta atishawa har Roni. Mun isa gida kaji suna shirin shiga akurki. Surukata tana tsakar gida tana tankaɗe, ta dube ni ta ce, "To?" Na ce, "Inna, akuyata dai taki ce." Ta ajiye rariya, ta ce Allah Ya sa alheri, amma duk Juma'a a kawo mata jikarta.

Abin da tafiyar nan ta koya min, na auna abin da na sani, ashe abin da ban sani ba ne ke jirana a kwanar matakala, kuma wadda ta riga ni zuwa tana da maganinsa. Har yanzu ina tsoro. Ban san ranar da jirgin nan zai yi kukan farko ba, ban san ko zai riƙe lokaci ba. Amma na fi son in jira shi a inda zan ji shi.

Na shiga ɗaki na bugo wa maigida. Ya ɗauka da sauri, ina jin ƙarar keke ta tsaya. Ya ce, "Yaya kika gani?"

Na ce, "Ka nemo igiyar guga mai kauri, da maza huɗu masu hankali."