Farar Mata Mai Dogon Hannu a Bayan Ɗakin Haihuwa

Cikin ranakun aikina akwai wata Laraba da ba ta taɓa fita raina ba, kuma ita nake ba ƙananan ma'aikata labari duk lokacin da wata ta zo tana rawar murya wai inda aka tura ta akwai mutanen ɓoye. A lokacin ina ungozomar asibiti, an ɗauke ni daga Maradun zuwa wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye gefen Damri, cikin ƙasar Bakura. Mu uku ne a wurin: Malam Bello in-caji, wato shugaban asibitin, da ni mai karɓar haihuwa, sai Atine mai shara da wanke kayan aiki.

Ban ko ajiye jakata ba Atine ta ja ni gefe. Ta ce a bayan ɗakin haihuwa, wajen ramin da ake jefa mabiyiya, akwai wata farar mata mai dogon hannu da ke fitowa da magariba duk ranar da aka haihu. Ga wanda bai sani ba, mabiyiya ita ce ke biyo jariri bayan ya fito. A ƙa'idar aiki mukan duba ta mu tabbatar ta fito duka, don ɗan guntun da ya rage a ciki yana iya sa mace zubar da jini. Bayan haka sai a ɗaure ta a leda a jefa cikin wani rami mai zurfi da aka gina da siminti, mai murfin ƙarfe.

Na yi mata dariya. Ni 'yar Talata Mafara ce, bakina ba ya shiru, na ce in matar ta fito a ce mata ta zo ta yi awo. Sai dai labarin bai tsaya a bakin Atine ba. Mai shayi ya ce ya gan ta, hannunta ya fi tsawon mutum. Direban da ke kawo mana magani ya rantse ya ji ƙarar murfin. Sannu a hankali, ni mai dariyar nan, na fara haɗa kayana tun la'asar sakaliya, kuma in zan kewaya sai in bi ta gaban asibiti in yi dogon zagaye. Tsoro ya shige ni sosai, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya fi tsoron ciwo shi ne mata sun daina zuwa haihuwa. Awo suna zuwa, rigakafi suna zuwa, amma in naƙuda ta tashi sai gida. Wata rana mai duba ayyukanmu ya zo daga Bakura, ya leƙa ɗakin ya ga gado a shimfiɗe ba kowa.

Ya ce, "Malama Rabi, gadon nan da kayan nan akwai inda ake nemansu ido rufe. In damina ta wuce a haka, za mu kwashe su, a rufe ɗakin."

Na san abin da hakan ke nufi. Duk macen da haihuwa ta zo wa da gardama, sai a ɗora ta a babur a nufi gari da ita cikin taɓo, a hanyar da ko lafiyayye yake fargabar bi saboda halin da ake ciki. Na taɓa ganin ƙarshen irin wannan tafiya, ba na son sake gani.

A ranar Larabar, bayan azahar aka kawo wata matar aure mai suna Hajara, naƙuda ta daɗe a gida har sun tsorata. Allah ya taimaka ta sauka lafiya wajen la'asar, amma ta ɗan zubar da jini, don haka dole in zauna in sa mata ido. Na duba mabiyiya, ta fito cif, na miƙa wa Atine. Kafin in waiwaya Atine ta ce kanta na ciwo, ta yi gida. Da aka kira magariba Malam Bello ya tafi masallaci. Saura ni da mai jego da jaririnta.

Ina cikin gwada bugun jininta na ji ƙarar ƙarfe daga baya, irin ta murfi in an ja shi a kan siminti. Hajara ta dube ni, ni ma na dube ta. A nan wani abu ya tsaya mini a rai: in na gudu yau, gobe duk ƙauyen zai ji cewa ungozoma ma ta gudu, ɗakin kuwa ya rufu ke nan. Na ɗauki tocila, na karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ta cin abinci ce, na fita.

Ga ta kuwa. Fara fat tun daga kai har ƙasa, a sunkuye bakin ramin, hannu ya miƙe zungureriya har cikin rami. Sai abar ta ɗago a hankali, ta dafa ƙugu ta ce, "Wash, bayana."

Ban taɓa jin aljana mai ciwon baya ba. Na haska ta. Tsohuwa ce cikin farin hijabin salla, riƙe da doguwar gora da aka ɗaura wa ƙugiyar ciro guga daga rijiya. Na gane ta, Inna Kulu ce, kakar Hajara, wadda ta rako ta da rana.

Na gaishe ta kamar yadda ya kamata. Na ce, "Inna, me kike nema a nan?"

Ta ce, "Ɗiyata, abin jikata nika biɗa. Mu tun kakanninmu, wanke ta mukai, mu naɗe da tsumma, mu bizne bayan ɗaki cikin gida. Ku ko kun jehwa ta rami cikin na mutane, kamar shara. Ƙaƙa za a yi ɗa ya tashi ba a san inda anka bizne tashi ba?"

Ashe duk wadda tsautsayi ya sa ta haihu a asibiti, Inna Kulu ake roƙo ta zo ta ciro, a lokacin da maza ke masallaci. Sauran matan kuwa sun gwammace su haihu a gida da a raba su da ita.

Na ce, "To me ya hana ku tambaya?"

"In buɗe baki gaban namiji in roƙi wagga aba? Kunya hwa, ɗiyata."

"Kin san ana cewa aljana ce?"

Ta ɗan murmusa. "Na jiya. Da a ce Kulu na tonon ramin asibiti, gara a ce aljana ta."

Na karɓi gorar na zura tocila cikin ramin, ban ga sabuwar leda ba. Na koma ɗakin wanke kaya, sai ga ledar cikin bokiti a rufe a bayan ƙofa. Tsoro ya hana Atine kai ta ramin. Na ƙara leda a kai, na haɗa wa Inna Kulu da safar hannu, na ce ta sa kafin ta taɓa, a haƙa rami mai zurfi yadda kare ba zai tono ba, ta wanke hannu da sabulu. Na kuma roƙe ta kada ta sake zura komai cikin ramin nan, don abin da ke ciki cuta ne, kuma ba ta da tabbacin ta wa take cirowa. Ta karɓa da hannu biyu, ta rufe da hijabinta, ta yi ta sa mini albarka har ta fita ƙofa.

Da safe na faɗa wa Malam Bello, ban ambaci suna ba. Ya ce, "Matata ma a gida aka binne tata. Ban taɓa haɗa wannan da ƙin zuwan mata a raina ba." Muka kai maganar Bakura. Aka ce babu dokar da ta hana a ba dangi, matuƙar an duba ta, an ɗaure da kyau, kuma uwar ba ta da cutar da ake ɗauka ta jini. Ban yi shela ba, ban tara kowa ba. Ranar sunan jaririn Hajara, Inna Kulu ta raɗa wa tsofaffi cewa yanzu asibiti na ba dangi mabiyiya, tsofaffi suka kai gida-gida.

Kafin a fara yankan gero mata sun dawo haihuwa har ina neman wurin zama ba na samu. Atine da ke gudu tun la'asar ta koma mai cewa ita dama ba ta taɓa yarda da zancen ba. Ranar da mai duba ayyuka ya zo da mota don kwashe kaya, ya tarar da mace a kan gadon tana naƙuda, wata a kan tabarma tana jira, tsofaffi biyu a bakin ƙofa kowace da ƙaramin bokiti mai murfi. Ya tsaya yana kallo. Na leƙo da safar hannu na ce, "Ranka ya daɗe, in gado ka zo ɗauka sai ka jira ta sauka." Ya yi dariya ya koma da motarsa wayam, kuma a zuwansa na gaba da ƙarin gado ya zo. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa, shi ne mutanenmu ba sa gardama da ma'aikacin asibiti. In ka taɓa musu abin da suke jin nauyin faɗi, za su gaishe ka, su yi maka godiya, sannan su daina zuwa, kai kuma ka zauna kana cewa jahilci ne. Shi ya sa har na yi ritaya, da zarar jariri ya yi kuka na tabbatar uwa lafiya, nakan juya wajen tsohuwar da ke bakin ƙofa in tambaye ta a hankali ko za ta tafi da mabiyiyar gida. Ba na jira ta roƙa, don na san ba za ta roƙa ba.