Wani Bawan Allah a Shafin Godiya

Shekarun baya, lokacin da Shari'a ke sabuwa a Zamfara, ina koyarwa a Ƙaura Namoda, na haɗa wata 'yar manhaja mai juya kwanan wata daga na Miladiyya zuwa na Hijira. Na sake ta kyauta a intanet, kowa ya ɗauka ya gyara. Ni kaɗai nake kiɗana nake rawata. Abokaina in na fara bayani sai su tuna suna da uzuri.

Sai wani kamfani na ƙasar waje ya ba ni lasisin manhajar da nake aikin da ita, kyauta na shekara guda. Sharaɗinsu ɗaya: in gode musu a shafina na intanet. Na je gida, garin Kasuwar Daji, na gaya wa mahaifina, wanda ya daɗe yana sanarwa a masallaci.

Ya ce, "Mi an na kiran suna? Wanda yab ba ka don Allah, kak ka ɓata mai lada."

Ni kuwa, gwanin biyayya, na rubuta yadda ake yi a masallacinmu: "Wani bawan Allah ya taimaka, Allah ya saka masa da alheri." Har ina jin na yi musu gata.

Da shekara ta zagayo, na shiga shagon intanet a Gusau na tarar da saƙonsu: ba su ga sunansu ba, za su rufe lasisin, aikina ya tsaya ke nan. Ku yarda da ni, murna na fara yi kafin tsoro. Ashe akwai wanda ya buɗe shafina!

Nan take na sa sunan da manyan baƙaƙe. Na rubuta musu doguwar wasiƙa, na bayyana al'adarmu, na ba da haƙuri, na gaida iyalansu, har na tambayi damina.

Lasisin ya dawo, kuma tun daga nan na koyi gode wa mutum yadda shi yake so. Amma abin da ya fi zauna mini a rai amsar wasiƙar ce. Kafin in tashi daga kujera ta iso, layi ɗaya: wannan saƙo na'ura ce ta aiko, babu mai karanta amsa a nan.