Farin Layin da Baba Ishaya Ya Koya Mini Nema

Ranar Talata da hantsi Mama Rifkatu ta kira ni daga Manchok. Ina tsaye a bakin tagar ɗakin hoto, da hoton haƙoran wani manomi a hannuna. Ba ta ja magana ba, ta ce maigidanta Baba Ishaya ya tafi gida wurin Ubangiji. Na ce to, na ajiye wayar. Na juya don in tambayi wani abin da ya kamata in yi, sai idona ya sauka a kan kujerarsa, wadda wata biyar ke nan ba wanda ya zauna a kai.

Baba Ishaya shi ne mai ɗaukar hoton ƙashi a ƙaramin asibitinmu na Kafanchan, kuma a hannunsa na yi shekara tara ina koyon aiki. Mu biyu ne kaɗai a ɗakin. Ranar da na fara, ya taɓa kuncinsa da yatsa, ya ce a cikin ƙashin nan akwai kogo mai iska, ƙasan kogon kuma yana zaune daidai kan saiwoyin turamen sama, wato manyan haƙoran tauna. A wasu mutanen, ƙashin da ya raba su bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. A hoto yakan fito farin layi siriri. "Talatu," ya ce, "nemi layin kafin ka nemi ciwon." Shi bai san "ki" ba, mace da namiji duk "ka" ne, har na daina gyara masa.

Mutum ne mai taurin kai, wannan ko a gaban makokinsa zan faɗa. Ba ya yarda a cire turmin sama ba a ɗauki hoto ba, kuma ya sha ɓatawa da mutane a kan haka. Na tuna wata mata daga Samaru Kataf da aka cire wa haƙori a kasuwa, ta koma in ta sha ruwa sai ya zubo ta hanci. An gaya mata jifa ne, ta yi sati biyu ba ta shiga mutane, ko sujada a coci ta daina zuwa. Baba ya ɗauki hoto, ya kai ta bakin taga, ya nuna mata inda layin ya huje, ya ce saiwar ce ta fito da ɗan ƙashi, ba wanda ya yi mata komai. Ya hana ta fyace majina, ya raka ta wurin likita da ƙafarsa aka ɗinke. Yakan ce rabin ciwo tsoro ne, kuma tsoro ba ya son a nuna masa haske.

Bara, lokacin haƙar citta, ya fara dafe kuncinsa na hagu. Hancinsa ya toshe gefe ɗaya, haƙora biyu suka fara girgiɗi. Ya ce ƙurar gona ce. Ni kuwa na riƙa tsokanarsa da cewa wanzami ba ya son jarfa, shi yana dariya, ni ina dariya. Wata huɗu muka yi a haka. Wannan dariyar ita ce abin da ya fi ci mini rai yau, domin na san alamun, shi ya koya mini su, amma na ji nauyin in matsa wa babba.

Da ya yarda ya zauna, ni na ɗauki hoton. Na ɗaga shi a taga, na bi layin dama har ƙarshe. A hagu na nema, na sake nema, babu. Wani abu ya cinye shi. Na ce masa hoton bai fito sosai ba, bari mu sake.

Ya karɓa, ya duba, ya miƙo mini. "Hotonka ya yi kyau. Faɗa mini abin da ka gani."

Na faɗa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Daidai. Kada ka ƙara ɗora wa hoto laifi don ka ji tausayin mutum." A Jos babban hoto ya tabbatar da cewa ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa.

Ranar Talatan nan manomin yana zaune a benci yana jirana, bai san abin da ya faru ba. Na share fuskata, na sake ɗaga hotonsa. Layin yana nan lafiya lau, daga wannan gefe zuwa wancan. Na ji bakina ya ce, "Baba, layi yana nan," kamar yadda na saba. Ba wanda ya ce mini daidai. Na fita na gaya wa mutumin da kaina.

Ubangiji Allah ya yi wa bawansa Ishaya jinƙai, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi hutu a wurinsa. Ya ta'azantar da Mama Rifkatu da 'ya'ya da jikoki, ya zama musu uba. Ni kuma da aka bari a bakin tagar nan ni kaɗai, ya ba ni idon gani da ƙarfin halin faɗa da wuri. A cikin sunan Yesu, amin.