Alewar da Kawu Ya Kawo daga Makka

Ba na jin akwai ranar da zan manta da alewar da kawuna ya kawo daga aikin Hajji. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, da albasar gonarsa a Karaye ta kusa da Jega na yi karatun kimiyyar abinci a Aliero. Shekarar da na gama, shi kuma Allah ya ba shi ikon sauke farali.

Ranar da ya dawo, zaure ya cika da masu barka da zuwa. Aka zagaya da zamzam, aka ba kowa dabino da wata alewa mai launi-launi, tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Ni da ba na iya cin abu sai na duba bayan leda, na ga an rubuta cewa da kaki aka goge ta, ga lamba a gefe. An koya mana cewa irin wannan kakin wani daga ganyen bishiya ake samun sa, wani daga saƙar zuma, wani kuma ƙwaro ke fitar da shi, kuma na ƙwaron ne malamai suka yi saɓani a kai. Lambar kakin bishiya da ta kakin ƙwaron suna bin juna, na kasa tuna wacce ce wacce. Sai na riƙe tawa a hannu.

Wani abokin wasana ya lura. "Kai ɗan boko, tsarabar Makka ce ba ta kai maka ba? Ko sai an kawo cokali?"

Aka yi dariya. Na ce, "A'a, ban dai tabbata ba ne. Mai yiwuwa akwai abin da ba a ci a ciki. Amma wataƙila ba kome."

Wani dattijo ya tofar da tasa a tafin hannu. Kawu ya dube ni, ya ce, "Mi ka ce, ɗana?" Na maimaita, har da ƙarin wataƙila.

Daga ranar na zama baƙo a garinmu. In na nufi majalisa, hira ta mutu. Aka daina kirana kwanon tuwo a ƙofar gida, sai a aiko mini nawa ɗaki. Na ji mata na cewa boko ya sa na haramta abin da ya fito ƙasa mai tsarki. Kawu kuwa yana amsa gaisuwata ba tare da ɗaga kai ba, kuma ya daina fitowa zaure. Na ɗauka fushi ne. Da rana nakan tafi bakin fadama in zauna ni kaɗai, ina juya maganar, ba wanda zan faɗa wa cewa tsoron Allah ne ya sa ni, ba raini ba.

Ranar kasuwar Jega na ɗauki ledar na hau mota. Can waya ke kamawa sosai. Na bincika, na sake bincikawa: kakin ganyen bishiya ne. Duk da haka sai da na sami wani malami bayan azahar. Ya ce tsiro ne, halal ne, kuma abinci ba ya haramta don zato.

Na iske Kawu a ɗakinsa, ya rame. Na durƙusa na yi masa bayani. Sai na ga hawaye na bin gemunsa.

"Ka tabbata? Ban son wataƙilan nan taka."

"Na tabbata, Kawu."

"Na gina rame na turbuɗe sauran. Tun rannan ban iya barci, ina ta istigfari. Na ce na tahi wanke zunubi, na dawo na ciyar da gari haram."

Ashe ba fushi yake yi ba, kunya ce da tsoro, shi ma yana ɗauke da su shi kaɗai.

Ya share ido ya ce, "To tashi. Bakin da ya hwaɗi waccan shi za ya hwaɗi wagga." Na bi gida-gida ina shaida wa mutane cewa alewar halal ce har magariba, wasu suka saurara, wasu suka yi tsaki. Da na dawo na tarar an shimfiɗa tabarma a zaure, Kawu na zaune yana jirana.

Har yau ina duba bayan leda, ba na jin zan daina. Amma na koyi cewa shakkar mai ilimi, in ta fita baki a cikin jama'a, hukunci take zama. In ban sani ba, sai in yi shiru in je in tambaya.