Tafintan da ya ɓoye mini kalma biyu

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba Tafinta. A Tambuwal waɗanda suka san shi sun kusa ƙarewa, shi ya sa na ce bari in faɗi nawa tun da sauran numfashi.

Ni ban yi boko ba, gida na sani da murhu. Amma Allah ya ba ni kunne. Yaya kuwa shi ke yi wa Baturen likita tafinta in ya zo rangadi, daga Tambuwal zuwa Sanyinna har Kebbe. In ya dawo, yana cin tuwo muna yi masa tambaya. Shekarar da aka sami mulkin kai Inna, mahaifiyarmu, ta ce masa, "Garba, wai mi ne na indifenda da kowa ka faɗi?" Ya ce, "Inna, yaye ne. An cire mu daga nono, saura a ga ko za mu ci tuwo." Haka yake fassara, da abin da ke gabanka.

A bakinsa na ji cewa Bature ba ya cewa "sori" sai ya yi laifi ko an yi rashi, ba kamar sannunmu da ake yi wa har mai atishawa ba. A bakinsa kuma na ji cewa "let" latti ne, mai latti yana iya cim ma mota a tasha ta gaba, amma in aka ce "tu let", to babu sauran gudu. Yakan ce Turanci barkono ne, ba a ba mara lafiya shi tsura. Likita ya yi magana gajera, Yaya ya sa mata gaisuwa da addu'a kafin ta isa kunnen mutum.

Ina aure a Kebbe ƙyanda ta kama ɗana na fari, Umaru. Muka yi ta jiƙe-jiƙe har ya daina karɓar nono, sannan na goyo shi zuwa Tambuwal, na riga na ƙudura ko Sakkwato aka ce zan tafi. Likita ya buɗe masa ido, ya saurari ƙirjinsa, ya juya wajen Yaya ya yi magana ƙasa-ƙasa. Kalma biyu na tsinta a ciki: tu let.

Na ce, "Yaya, mi yac ce?"

Ya gyara hula. "Ya ce hanyar Sakkwato za ta wahal da yaro, Dije. Ki kai shi wurin Inna, ki riƙe shi jikinki, ki dinga ɗiga mai ruwa. Allah shi ne mai magani."

Labarin zuciya a tambayi fuska. Na ga tasa, na sunkuyar da tawa, na ce to. Umaru ya cika a cinyata a ɗakin Inna, mata na kewaye da ni, ba a bayan babbar mota ba.

Yanzu jikokina suna zuba Turanci kamar ruwan kwata, suna dariyar yadda nake cewa tankiyu. Ba na jin haushi. Abin da ke ci mini rai shi ne kwanan baya da na raka wata maƙwabciya asibiti. Aka jefa mata sunan ciwonta da Turanci daga bakin ƙofa, aka kira na gaba. Ɗanta ya fassara mata shi daidai, ba ragi, ta zauna a ƙasa. Da Yaya na nan, ina jin zai ce yaron ya iya Turanci, bai dai iya uwarsa ba.

Wasu za su ce ɓoye gaskiya ya yi. Na juya wannan magana shekaru, ban gama ba. Abin da na sani, mun rayu bayan Umaru har muka yi furfura tare, bai taɓa tayar da zancen ranar ba, ni ma haka. Ya koma ga Allah yana zaton ya sauƙaƙa mini, kuma ban ga dalilin ƙwace masa wannan zato ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya ji magana mai taushi a kabarinsa.