Lambun Mai Agwagi

Duk ƙauyen ba mai kiranta da sunanta na gaskiya. Mai Agwagi ake ce mata, har yaran da aka haifa jiya. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan mahaifinta ta rungumi lambun da ke bayan gida: mangwaro, lemun tsami, 'yan kunyoyin tumatir, da tsohuwar rijiya a gangare inda agwaginta ke wanka. Da aka raba gado lambun ya faɗa wa ƙanenta Auta, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yana birni yana aikin ofis, kuma da bakinsa ya faɗa a gaban dangi cewa muddin Yaya tana numfashi ba mai taɓa mata lambu. Maganar nan kaɗai ta riƙe, ba ta taɓa neman ƙari ba.

Shekarar da annoba ta sa aka kulle ko'ina, Auta ya iso ana gab da rufe hanya, da jaka ɗaya da tumbinsa na 'yan birni. Ba kasuwa, ba ziyara, kowa ya kama gidansa. Mutane na kukan ƙunci, ita kuwa Allah ya sani daɗi take ji, don ta daɗe ba ta sami abokin cin abinci ba.

Da farko ba ya tsinana komai. Ya ɗauki fartanya tafin hannunsa ya kumbura, ya je ɗiban ƙwai toron agwagwa ya bi shi da gudu har ya bar takalmi ɗaya a taɓo. Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki. Sannu a hankali ya koyi jan guga, ya koyi gane tumatir mai jin ƙishi. Da safe su sha shayi a gindin mangwaro, da yamma su gasa masara, yana tuna mata yadda take ɗaure shi a baya tana ban ruwa. Ranar da aka ƙyanƙyashe 'yan agwagi ya tsuguna yana kallonsu baki buɗe kamar yaro. A ranta har fata take kada a yi saurin buɗe hanya, sai kuma ta yi istigfari.

Sai ya tsiro da ɗaukar bidiyo. Kullum da hantsi zai ɗaga waya ya zagaya lambun daga kan iyaka zuwa kan iyaka, ya ce abokansa na birni da ke kulle a ɗaki yake nuna wa, su ma su sha iska. Ita da jin haka ta shiga gyara. Ta share gindin bishiyoyi, ta ɗaura zanenta na fita, ta riƙa bin sa tana bayani: nan mota tana iya shigowa har bakin shinge, can ruwa ba ya kwanciya da damina. Rijiyar kuwa ta fi kowane abu shan yabo. Ta ce shekarar da rijiyoyin ƙauye suka ƙafe, wannan ko kamu ɗaya ba ta sauka ba.

Aka buɗe hanya, Auta ya koma. Ta cika masa bayan mota da lemo, ta tsaya a bakin titi har ya ɓace.

Ba a yi nisa ba, wata safiya tana watsa wa agwagi dusa sai ga wasu mutane da igiyar awo. Babbansu ya gaishe ta da fara'a kamar wanda ya daɗe da saninta, ya ce shi ne ya sayi wurin, zai kafa gidan buga bulo. Ta ce ya dai yi ɓatan hanya.

"Haba Baba, ai ke ce a bidiyon," in ji shi. "Wallahi da farko ban so wurin ba. Maganarki a kan rijiyar nan ce ta sa na saya, don na ga ba ki yi kama da mai ƙarya ba."

Ya miƙo mata wayar. Ga ta nan cikin zanenta na fita, tana riƙe da ɗan agwagwa, tana dariya har ana ganin giɓinta. Ba ta taɓa ganin kanta cikin farin ciki haka ba. Daga bayan waya muryar Auta na cewa, "Yaya, maimaita maganar rijiyar, ba a ji sosai ba." Ita kuma ta maimaita, har da ɗaga murya.

Ta kira Auta. Ya ce yana cikin taro, zai neme ta anjima, kuma ai ya roƙar mata alfarma a bar ta ta kwashe tumatir ɗinta tukuna.

Rashin lambun ya yi mata ciwo, amma abin da ya fi cin ranta shi ne ta rasa wace safiya ce ta gaskiya a cikin safiyoyin nan. Shayin, da masarar, da tsugunon da ya yi gaban 'yan agwagi, duk ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba ta gane inda cinikin ya fara ba.

Rana ta take, masu awo suka ce ko za a taimaka musu da ruwan sha. Ta kwance guganta daga jikin itacen rijiya, ta naɗe igiyar a hannu, ta kora agwaginta zuwa cikin gida.

"Rijiyar taku ce," ta ce. "Gugan dai nawa ne."